Sunan da Goggo Ta Ɗinka da Keke

"Wa kake gani zai ɗauki kofi bana?"

"Wa ya ɗauka bara?"

"Masu jar riga."

"To ai ka ba kanka amsa, bana na masu fara ne. Mu sauran sha shidan nan rakiya muka yi musu."

"Wai an ce akwai ƙasar da in ƙungiya ta zo ta ƙarshe, ita ke fara zaɓar sababbin 'yan wasa, don ƙarfi ya zo ɗaya."

"Da a nan ne, da tuni mun gaji da zaɓe."

Dariyar 'yan wasa ta tashi a bayan tagar ɗakin kaya. Goggo ta ji, ta yi murmushi, ba ta ɗago kai daga kan safar da take ɗinkewa ba.

Ɗakin nata a ƙarƙashin benen 'yan kallo yake. Igiyoyin shanya uku ne a ciki, da bahon wanki, da kwandon safuna masu neman abokan aurensu, sai keken ɗinki na ƙafa a gindin taga. Shekara goma sha tara ke nan da aka kira ta daga shagonta ta gyara riguna huɗu da suka yage, ba ta sake komawa ba. Ba ta taɓa hawa sama ta kalli wasa ba. In rufin ɗakin ya ɗauki rawar ƙafafu, ta san sun ci. In ya yi tsit har ana jin ɗigar famfo, sai ta fara jiƙa sabulu.

Ƙungiyarsu ƙarama ce, riga biyu kowane ɗan wasa ke samu a shekara. Sunansa kuwa a kan ƙyalle ake rubutawa, Goggo ta ɗinka a baya. Matsalar ita ce duk wanda ya fara haske, kafin a kai rabin kaka manyan nan biyu, masu jar riga ko masu fara, sun aiko mota ta ɗauke shi. Sai a cire sunansa a sa na wani. Ɗinkin keke kuma in aka farke shi yakan bar huda-huda, riga ta lalace. Da ta gaji da asarar riguna sai ta canza dabara. Takan tsaya a bakin ƙofa makon farko na atisaye tana ninke tawul tana kallo. Wanda ta ga ba zai daɗe ba, ta ɗora masa suna da allurar hannu, sako-sako, ja ɗaya ya fita. Wanda ta ga na gida ne, ta danne nasa da keke.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma 'yan wasa suka gano. Ranar rabon riguna kowa sai ya juya tasa ciki waje kafin ya saka. Kuma a shekarun nan duka ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

"Goggo, shekara goma sha ɗaya kina danne ni da keke," in ji Gola, mai tsaron raga, wanda furfura ta fara leƙo masa a gemu. "Ko sau ɗaya ki yi min na hannu mana, in ji yadda ake ji."

"Kai da rigar nan sai dai ku tsufa tare. Miƙo safarka."

Sunan Goggo ma ba nata ba ne tun asali. Bahago ne ya ja mata, ɗan ƙaninta, wanda aka kawo mata yana da shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarsa. A ɗakin nan ya girma, yana dunƙule tsofaffin safuna yana dukan bango da ƙafar hagu har fenti ya baje a wurin. Yanzu ya kai ashirin da ɗaya, shi ne mai lamba sha ɗaya, kuma bana ya ci ƙwallo tara a wasa goma.

A farkon kakar nan, da aka raba riguna, Bahago ya juya tasa. Ɗinkin keke ne, layi biyu. Ya saka rigar ya fita.

Wata safiyar Talata Koci ya leƙo, hularsa a hannu.

"Goggo, me kika gaya wa yaron nan?"

"Wane yaro? Yarana talatin."

"Naki. Mutumin masu farar riga na zaune a ofis tun ƙarfe tara da takardu. Sha biyu zai tafi, kuma ya ce ba zai sake dawowa ba. Yaro ya ce ba ya zuwa. Ni ai gara min ya zauna, ke ma kin sani. Amma irin wannan motar sau ɗaya take tsayawa a ƙofar mutum."

Goggo ta ajiye almakashi. Ta dubi agogon bango, sha ɗaya da kwata.

"Turo min shi. Ya zo da rigarsa."

Bahago ya shigo yana zufa, sai da ya sunkuya saboda igiyar shanya. Ya zauna a kan kifaffen bokiti kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, duk da yanzu gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"An ce ka ƙi."

"Na ƙi."

"Saboda me?"

Ya murza rigar a hannu. Can ya ce, "Su sau uku suka kalle ni, Goggo. Ke kuwa kin san ni tun ban iya ɗaura takalmi ba. Wa kika taɓa yi wa kuskure? In je can in ɗumama benci shekara biyu, su maido ni kamar kayan da aka fasa saye? Gara in zauna inda ake sa ni wasa. Ban ji haushi ba, wallahi. Gaskiya kika gaya min."

Goggo ta dubi rigar da ke hannunsa. Wata huɗu yaron nan yana yawo da wannan magana a bayansa, yana cin ƙwallo yana ganin sa'a ce kawai.

"Juya rigar," ta ce. "Matso kusa da taga. Dubi nan, gefen harafin farko. Me ka gani a ƙarƙashin ɗinkin?"

Ya ƙura ido. "Wani farin zare."

"Guda nawa?"

"Uku. Huɗu."

"Na hannu ne. Da shi na fara. Taka ce ma ta farko da na ɗauka, ko tunani ban tsaya yi ba." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Ina cikin yi sai na hango a raina bokitin nan ba kowa a kai. Na ga na dafa abinci na mutum ɗaya. Sai na aje allurar na jawo keke. Na bi sau ɗaya, na ga bai isa ba, na sake bi."

"Goggo..."

"Shekara goma sha tara ina renon 'ya'yan mutane ana kwashewa, ban ce uffan ba. Na ce wannan dai nawa ne, su yi haƙuri. Son kai ne, ɗan nan. Ba idona ne ya yi ɗinkin ba."

Bahago ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ta ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta haɗu da hawaye.

"Wato Gola ma ƙila..."

"A'a, nasa gaskiya ne."

Ta karɓi rigar, ta zaro reza daga cikin gwangwanin maɓallai. Zare ɗaya bayan ɗaya take tsinkewa. Da ƙyallen ya fita, sai ga layi biyu na ƙananan huda a bayan rigar, rana na ratsowa ta ciki.

"Sakataren ƙungiya zai yi faɗa," in ji shi.

"Ya yi. Tashi ka wanke fuska, kada ka je wa mutane kamar wanda aka kora daga makaranta. Saura minti ashirin."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya kamar zai dawo. Ta kaɗa masa hannu ya wuce. Har ya fara taka matattakala sai ta ɗaga murya.

"Kai, Bahago!"

"Na'am, Goggo."

"Ranar da za ku zo mana wasa, ka ci ɗaya, kada su ce ba ka yi musu aiki. Amma don Allah kada ka ƙara ta biyu, ka ji ko?"