Jan Waken da Ta Bari Cikin Toka

Matata ta rasu a ƙarshen rani, saura kamar wata biyu ruwa ya sauka. Mun yi shekara arba'in da 'yan kai tare a ƙauyenmu, gabas da Maijirgi. Ciwon bai daɗe ba. Mun kai ta likita a Tasawa kan amalanke, aka ba ta magani, muka dawo, kwana tara ta cika.

Ranar sadakar uku mutane sun yi yawa fiye da yadda muka zata. Shinkafa ta isa, wake ne ya kasa. Matan da ke girki suka aiko a tambaye ni ko a je kanti. Sai na tuna na sha ganin wasu goruna biyu a ɗakin marigayiya, bayan kwanukan jerenta, babba da ƙarami, bakinsu a liƙe da laka. Na san wake ne a ciki don na taɓa ganin tana zuba masa toka saboda ƙwaro. Na ce a ɗauko babban. Aka fasa bakin, aka tankaɗe tokar, aka wanke, aka dafa. Jan wake ne ƙanana, ya kai tiya biyu. Masu zaman makoki suka yi ta yabonsa, wai yana da zaƙi kuma bai ci itace ba.

Ƙanwar matata tana aure a wajen Kanan-Bakashe. Labari ya same ta a makare, motar da ke bin yashin nan kuma sai ranar kasuwa, don haka ranar ukun ta iso, ana tsakar cin abinci. Ta yi gaisuwa, ta yi kukanta, aka kawo mata kwano. Ina zaune a ƙofar zaure ina hangen ta. Ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta tsaya. Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta kawo kusa da idonta, don ganinta ya yi rauni. Daga nan ta rufe kwanon ta ture. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana ta ci.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon kaya. Ni ne, da babban ɗana wanda ke riƙe da gandu, da ɗiyata da ke aure a Tasawa, da ƙanwar marigayiya, da limamin garinmu. Kayan ba su da yawa: gado da katifa, akwatin zannuwa, kwanukan jere, tukwane, awaki uku, da 'yan kunnen azurfa da ta zo da su daga gidansu. Liman ya faɗi rabon kowa, ba wanda ya yi gardama. Nawa kason na bar wa ɗiyata, in ban da wata tsohuwar tabarma. Zannuwan da suka tsufa muka ce a ba mabukata.

Ƙaramin goran ne ya rage. Ɗana ya girgiza shi a kunne, ya fasa lakar, ya zazzage a faifai. Toka ce mafi yawa. Waken da ke ciki bai wuce cikin tafi biyu ba.

Liman ya yi dariya ya ce, "Wanga kam ba shi rabuwa. A ba maigida shi yi sadaka da shi."

Sai ƙanwar matata ta ce, "A ba shi? Ai ya gama da babban. Wanga ma in kun ba shi, gobe da safe yana cikin ƙosai."

Tsakanina da ita akwai wasa tun ina saurayi, ta saba zagina a gaban mutane ana dariya. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Na ce, "Ke, mi ya yi zafi? Wake ne fa."

"Wake ne. Tsoho, ka san shekara nawa yayata ba ta da gona?"

Na san amsar. Ashirin da biyu.

A nan ƙasar, in mutum ya yi aure yakan yanka wa matarsa gamana, ɗan yanki daga gonarsa, ta noma abin da take so, amfanin kuma nata ne. Tata gamanar tana gindin gawo, wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a gonata. Nan take shuka wannan jan waken da ta taho da shi daga hannun uwarta, da ɗan yakuwa da kuɓewa a gefe. Waken yana nuna kafin gero. A watan da rumbu ke yin ƙasa, gero bai kai ba, shi muke ci. Na ci shi shekara ashirin ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Da mahaifinmu ya rasu muka raba gona mu huɗu, nawa kason ya fito kaɗan. A lokacin ana ta wa'azi a kasuwanni cewa bai dace mace ta fita gona ba. Na riƙe wannan maganar. Wata rana da hantsi na same ta tana gyaran ƙotar hauyarta, na ce mata daga bana ta huta, addini ya ɗauke mata noma, ni zan ciyar da ita. Gaskiyar ita ce gindin gawon nake so in zuba gujiya in sayar. Ta dube ni, ta ce, "To." Ta rataye hauyar a bayan ɗaki. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. A watan yunwa muka koma cin ganyen tafasa da abin da na iya saye a kasuwa.

Na ce wa ƙanwarta, "In shekara ashirin da biyu ne, ai wanga ya mutu tuni. Iri ba shi kai haka."

Ta ce, "Na bara ne. Ni nake shuka mata."

Ta ba mu labarin a zaune, ba ta ɗaga murya ba. Kowace shekara in ruwa ya kusa, matata takan ƙulle wake a bakin zane ta ba ta, ko ta aika da mai zuwa kasuwar Mayahi. Ita kuma ta shuka a gefen gamanarta, ta rore shi daban, ta ci kaɗan, ta maido da sauran, don yayarta ce ta iya ajiya, ita ƙwaro yana fin ƙarfinta. Bara gwiwoyinta suka ƙi, idonta ya ƙi. Ta tattaro dukan abin da ta samu ta kawo, ta ce ta gama, ba za ta iya kuma ba. Shi ya sa babban goran ya cika.

Ƙanwar ta dube ni ta ce, "Yaya ta ce mini za ta yi maka magana kafin ruwa. Na ce mata, wanga mijin naki mai kan dutse? Ta ce ya tsufa yanzu, wataƙila ya ji."

Liman ya duba rana ya ce azahar ta yi. Na maida waken cikin goran da hannuna, da tokarsa, na kai ɗakina.

Ruwa saura 'yan kwanaki. In ba a shuka shi bana ba, baɗi rabinsa ba zai fito ba, kuma ba wani gida da ke da shi. Ɗiyata ta ce ita a Tasawa ko wurin ɗaure akuya ba ta da shi, mijinta tela ne. Ɗana ya ce a ba shi ya jefa a gandu tsakanin gero. Ƙanwar matata ta ce in ya shiga gandu ya tafi ke nan, za a rore shi tare da farin wake, a casa wuri ɗaya, a kai kasuwa cikin buhu ɗaya. Yana son wurinsa daban da mai binsa kwanso kwanso. Ni kaina bayana ba ya barina in duƙa. Mace ɗaya ce ta rage a gidan mai ƙarfin aiki, matar ɗana, ita ma ba ta da gamana.

Na sami ɗana a bakin rijiya yana shayar da shanun huɗa. Gonar har yanzu tawa ce a baki, amma shekara goma shi ke nomanta, shi ke cika rumbu. Na ce ina son ya yanka wa matarsa gindin gawo.

Ya ce, "Baba, kai ka ce mace ba ta gona. Ina tsaye ranar, ni na riƙe ma inna ƙotar."

Na ce, "Na faɗa. Gujiya nake so in shuka a wurin, shi ya sa na faɗa."

Ya ci gaba da jan guga. Can ya ce, "To ni ma gujiya nake so in shuka a wurin. Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa, har da naka."

Da na nace da ya bari, don ba ya ƙetare maganata a gaban mutane, amma da ya riƙe abin a ransa, matar ce kuma za ta sha. Muka yi ta ja har ya yarda da wani siririn yanki a ƙarshen gona ta arewa, jikin burtali inda shanun Fulani ke wucewa. Yashi ne fari, ko gero ba ya son wurin. Na karɓa.

Surukata ba ta zama inda nake, ba ta kuma duban fuskata. Na sa ɗiyata ta kira ta kafin ta koma Tasawa. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Na faɗa mata abin da ake ciki.

Ta ce, "Baba, tun da na zo gidan nan ban riƙe hauya ba."

"A gidanku fa?"

"A gidanmu na yi."

Na ɗauka ta gama, sai ta ce da ɗiyata, ba da ni ba, amma yadda zan ji: "Tambayi Baba, abin da ya fito na wa ne?"

Na ce, "Naki ne."

"Har da harawa?"

Ɗiyata ta tuntsure da dariya ta ce, "Kai, wagga ba ta da sauƙi!" Na ce har da harawa. Ta miƙo hannu biyu, na ɗora mata goran.

Abin da zan iya yi na yi. Na sari ƙaya na ja ta a ƙasa, na shinge gefen burtalin, kwana huɗu ina yi ina hutawa. Akwai wani Bafulatani, tsarana, da ke sauka a gonata da rani tun muna da ƙarfi. Na roƙe shi ya matso da garkensa kan yankin na 'yan kwanaki don taki. Ya dubi wurin ya ce, "Kaɗo, nan za ka yi arziki?" Na ce ba nawa ba ne. Ya matso da su.

Da ruwan farko ya sauka, ta shuka rabi ta riƙe rabi, kamar yadda ƙanwar matata ta gargaɗe ta kafin ta tafi. Ni na sara mata ramuka da sungumi, tana bina tana jefa ƙwaya bibbiyu tana rufewa da ƙafa. Mutanen da ke wucewa suna tsayawa su kalle mu. Wani ya ce mini ashe an buɗe wa mata gona, yaushe aka sauko da sabon hukunci? Na ce masa ya wuce.

Waken ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha shida. Duk ya ƙone a cikin yashin. Da ruwa ya dawo ta shuka sauran. Wannan karon ba ta kira ni ba, da na je na tarar ta gama, ta maida shi can kusa da shinge inda takin ya taru. Ramuka talatin da wani abu ne. Awaki sun shiga sau ɗaya suka ci na bakin hanya. Sauran ya yi yaɗo, ya yi fure, ya nuna tun gero yana ɗanye.

Ta rore shi a hankali cikin mako biyu, ta shanya a kan rufin ɗakinta inda kaji ba su kai. Da ta casa ya kai tiya ɗaya da ɗan kai. Harawar ta ɗaure ta ɗora a kan runfa, ta sayi 'yar tunkiya da ta ce za ta turke.

Ɗana ya ce mini baɗi zai duba ko zai iya sake barin yankin, don yanzu ya sha taki, gero zai yi a wurin. Na ce za mu yi magana. Har yau ba mu yi ba.

Bayan kaka mai amalanken da ke kai kaya kasuwar Hawandawaki ya tsaya gaishe ni a zaure. A cikin hira ya ce ya isar da saƙon surukata lafiya. Na ce wane saƙo? Ya ce goruna biyu ƙanana masu laka a baki, ɗaya ya kai wa uwarta, ɗaya ya ba wata ƙawarta da ke da gamana a ƙauyen da ke kan hanya. Na uku yana ɗakinta. Ba ta tambaye ni ba, ba ta kuma tambayi mijinta ba. Na ce masa ya kyauta, na sa aka kawo masa ruwa.