Bargon Inji Na Huɗu

Shekara ashirin da biyu Kibwana Mkude yana tsaye gaban inji na huɗu a masana'antar roba ta Vingunguti, ni kuma ina zaune bayansa da wuƙata, ina kankare bakin bahon da injin ya tofo. Na fi matarsa sanin ƙeyarsa.

Injin yana da dogon bututun ƙarfe inda ƙwayar roba ke narkewa. Kowa lambobin allo yake dubawa ya san zafi ya kai. Kibwana kuwa tafin hannu yake kaiwa kusa da ƙarfen, ya karkata kai, ya ce ta nuna. Abokan aiki suna cewa baiwa ce. Ni na san yanar ido ce ta fara rufe masa gani, allon nan hazo kawai yake gani. Ya roƙe ni in riƙe bakina, don ba a barin makaho gaban inji, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta.

Sai aka kawo injiniya, Devota Mrema, siririya, ba ta da mugunta, ba ta kuma da lokacin kowa. Ta ce rabin wutar da muke sha iska muke dafawa da ita. Ta toshe bututan iska masu huci, ta sa a riƙa kashe injina ranar Lahadi, sannan ta naɗe kowane bututu da bargo mai kauri, aka ɗaure da waya. Ɗakin ya yi sanyi, mita ta rage gudu. Masu gasa rogo a kan ƙarfen ne kaɗai suka yi gunaguni.

Kibwana ya kai hannu, bai ji komai ba.

"Mzee, an sa wa budurwarka zane, yanzu sai ka tambaye ta da baki," in ji ni. Mzee, wato dattijo, haka muke kiransa.

"Bibi Mwanahawa, ke dai kankare bahonki. Ina da kunne."

Ya farke bargon da reza daidai faɗin hannu. Devota ta gani, ta sa aka ɗinke, ta tambaye shi me ya hana shi duba allo kamar kowa. Ya ce tsufa da taurin kai. Ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai kan wuƙata.

Daga nan ya koma saurare. Kullum sai ya zame murfin kariya, ya kai kunne kusa da bakin bututun, wai roba tana da kukan da take yi in ta narke. Na ce masa abin da ke ciki ba shayi ba ne. Ya yi dariya. Na ja kujerata baya taku uku.

Ranar Litinin ce da safe, injin ya kwana biyu a kashe, aka kunna shi da asuba. Robar bakin bututun ta daskare kamar dutse, ta ciki kuwa tana tafasa a ƙarƙashin bargo, ba mai ji. Na ga ya sunkuya. Na ji wani siririn fito da ban taɓa ji ba.

"Kibwana, ɗaga kanka."

Ya ɗaga mini yatsa, wai in yi shiru. Nan take bakin bututun ya ɓalle, narkakkiyar roba ta feso masa a fuska.

Yanzu yana gida a unguwar Tandika, gefen fuskarsa na hagu ya haɗe da wuya, kunnen babu. Devota ta zo asibiti, likita ya faɗa mata maganar idon. A bakin ƙofa ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce mata ni baho nake kankarewa.