Malama Ruƙayyatu, Kauɗarmu Tana Nan a Ɗaki

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Talata, 22 ga watan Afrilu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malama Ruƙayyatu Isiyaku a wani asibiti a Kano, bayan gajeruwar rashin lafiya. An dawo da ita gida Bunkure, aka yi mata sutura kafin magariba. Ita ce malamar ajin manyan mata da ke zama a Islamiyyar Malam Musaddiƙ ranakun Alhamis da Juma'a, lokacin da yara ke hutu, inda take koya mana yadda ake riƙe kuɗi da juya su. Ni Saude ɗalibarta ce, daga baya na zama mai taya ta.

Malama, kowa cewa yake in yi haƙuri, kuma ina yi. Sai dai bayan baƙin ciki akwai tsoro a zuciyata, ba zan ɓoye miki ba. Kin tafi kin bar buhunan kauɗar tumatir ɗinmu jibge a ɗakin ajiyar makaranta, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Jarin matan ajinki ne kaf a cikin buhunan nan.

Ina tuna ranar da kika fara zuwa. Mun zaci allo da alli za mu gani, sai ga ki da ƙore uku da mudun masara. Iya Talatu, wadda ta girme mu duka kuma bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Malama, karatu za a yi ko dambu?" Kika yi dariya, kika juya wajen Hajara kika tambaye ta ribar da ta ci a kwamin tumatir, wato ɗan yankin lambu, da mijinta ke noma mata. Ta faɗa tana washe baki. Kika juye masarar a tabarma, kika ce to ga kuɗin nan. Sai kika shiga ɗiba: wannan na iri, wannan na taki, wannan na feshi, wannan na man injin ban-ruwa, ga na masu tsinka, ga na kwando, ga na mota. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Mu a nan, tun da muka tashi, duk abin da dillali ya danƙa mana ranar ciniki riba muke kiransa, mu kashe shi a matsayin riba, in rani ya zagayo kuma mu rasa na iri.

Ranar kika raɗa wa ƙoren nan suna. Ta farko ƙwaryar uwa, wato uwar kuɗi, ba a taɓa ta ko da biki ne a gidan. Ta biyu ƙwaryar gida, ta cefane da magani. Ta uku ƙwaryar jira, abin da mutum zai iya kawar da kai daga gare shi har lokacinsa ya yi.

Ba ki taɓa kunyata wadda ba ta iya rubuta sunanta ba. Ba ki taɓa yarda ki riƙe wa kowa ko sisi ba, ko an roƙe ki. Da kika ji Iya Talatu tana miƙa katinta ga mai shagon cire kuɗi, ta kuma karanto masa lambar sirri da ƙarfi kamar mai shela, ba ki yi mata faɗa ba. Kin ɗauke ta har Kura, kuka sauya lambar, kika zauna da ita a inuwa tana danna tsohuwar wayarki har yatsanta ya saba. Da mijin Hajara, Malam Yusuf, ya ce karatun nan zai koya wa mata raina maza, maigidanki Malam Abbas kika tura masa, suka zauna a zaure, ya bar ta ta ci gaba.

Abu ɗaya kike yi da ke ba ni haushi, Allah Ya sani. In mace ta zo ta ce, "Malama, in sayar ko in bari?" ba kya ba ta amsa. Sai ki ce, "Me ƙwaryarki ta ce?" Na sha ce miki ki taimaka ki faɗa musu mana, tunda kin fi su sani. Murmushi kawai kike yi, ki ce ba kullum kike nan ba. Na ɗauka tafiyarki Kano wajen 'yan'uwa kike nufi.

Bana tumatir ya yi yawa har ya zama abin tausayi. Kowa ya dasa lokaci guda, kowa ya tsinka lokaci guda, aka jera kwanduna a bakin titi tun daga Kadawa ana roƙon masu motoci. Sai ajin ya yanke shawara ba za mu zubar da namu a banza ba. Muka yanka, muka shanya, muka ɗure a buhuna, za mu jira damina, lokacin da ɗanye ke wuya kauɗa ta yi daraja. Maza da yawa ba su so ba. Malam Yusuf ya yarda, amma ya ce in aka yi asara Hajara ta gama zuwa aji. Na san ba shi kaɗai ke da wannan magana a ciki ba. In kauɗar nan ta lalace, jarin rani mai zuwa ya tafi, ajin ma ya watse.

Ranar addu'ar uku, wani dillali ya zo ya yi wa Malam Abbas gaisuwa. Kafin ya bar gari ya aiko mana cewa zai kwashe buhunan gaba ɗaya, kuɗi hannu, don ya rage mana damuwa. Farashin da ya saka ko wahalar yanka bai biya ba. Amma ya ce ruwa na tafe, kauɗa kuwa in ta sha danshi baƙi take yi ta yi fumfuna, a nan kam bai yi ƙarya ba. Rufin ɗakin nan yana yoyo ta kusurwa ɗaya, ke ma kin sani.

Matan suka yi ta sintiri a gidana. "Saude, da Malama na nan me za ta ce?" Wallahi ban sani ba. Na yi ta juya maganganunki a raina ko zan tsinci amsa, ban samu ba. In na ce a sayar, na karyar da su. In na ce a jira ruwa ya ɓata, da wane ido zan kalli Hajara?

Da Alhamis ta sake zagayowa na buɗe ajin. Na ajiye ƙoren a tabarma, sai hawaye. Iya Talatu ta jawo mudun masara gabanta, ta ce, "Ke Saude, share idonki. Baiwar Allahn nan tana da rai ba ta gaya mana ba, yanzu ne za ta gaya mana?" Ta juye masarar. Malama, da kin gan su! Kowace ta faɗi abin da ta zuba tun daga iri, suka yi gardama, suka gyara wa juna. Wata daga cikinsu, Mairama, ta tuna musu dokarki ta jin farashi a wuri uku kafin a sayar, aka aika Kura da Kano aka jiyo, aka haɗa da na dillalin. Washegari suka tsayar da magana: a sayar da daidai abin da zai cika ƙwaryar uwa, ga wanda ya fi saye da daraja, sauran kuma a ɗora a kan katako a jira. Dillalin ya yi fushi, bai samu ko buhu ɗaya ba.

Ban ce hankalina ya kwanta ba. Har yanzu farashi bai motsa yadda muke fata ba, kuma mafi yawan buhunan suna nan. Malam Yusuf ya zo da tsani ya toshe inda ke yoyo, ya sauko ya tafi, bai ce ya janye maganarsa ba. Jiya da la'asar aka yi yayyafin farko. Na zari mayafi na ruga makaranta, ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tarar Iya Talatu da Hajara sun riga ni, kowace ta cusa hannu a buhu har gwiwar hannu. Hajara ta ɗago ta ce, "A bushe take." Sai a lokacin na gane abin da kike nufi da ba kullum kike nan ba, na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan matan ajin, ga Malam Abbas, da 'ya'yanta Taufiq da Rufaida, da 'yan'uwanta na Kano da Madobi, da Malam Musaddiƙ da ya ba ta wuri. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya albarkaci bayanta. Mu kuma ku sa mu a addu'a, Allah Ya tsare mana abin da ke ɗakin nan, Ya raya ajin da ta bari.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Ruƙayyatu, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Malama, shekarun da kika yi kina koya mana ba ki karɓi ko kwandon tumatir ba. Allah Ya sa duk a ƙwaryar jira kika zuba, Ya sa ki tarar da ita a cike. Amin.

Saude Yusha'u
Bunkure