Direban da ya daina shan ruwa

Shekara ashirin da biyu yayana yana tuƙa motar ma'aikatan wani kamfanin yin kwalabe, doguwar bas mai cin mutum arba'in da biyu, kuma bai taɓa kai su a makare ba. Shi ya sa suka laƙaba masa Agogo. Sunan ya biyo shi har gida, matarsa ma da shi take tsokanarsa, shi kuwa sai daɗa miƙe wuya yake. Ni ce autar gidanmu, nas ce a ɗakin gaggawa na wani asibiti, kuma ni na fara zargin yana da ciwon suga, ranar da na ga ya shanye gorar ruwa biyu a zama ɗaya yana neman ta uku. Da ƙyar na ja shi gwaji. Da sakamako ya fito, bai tambayi likita magani ba, bai tambayi abinci ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko dole ne kamfani ya sani.

Tsoronsa ke nan, kada a karɓe masa sitiyari. Don haka ya ɓoye. Yana shan ƙwayoyinsa, abinci kuwa sai yadda hali ya yi, aka ci shekara uku a haka. Sai sugan ya fara hawa, fitsari ya yi yawa. Hanyarsa kuwa awa ɗaya ce da minti arba'in, daga unguwar ƙarshe zuwa ƙofar kamfani, safe da yamma, ga cunkoso. Wata safiya abin ya matsa masa har ya ajiye motar a gefen wani gidan mai ya shiga da sauri. Yana dawowa wani daga kujerar baya ya ce Agogo ya tsaya, a sake masa batir. Mota ta ɗauki dariya. Sun isa da makarar minti bakwai, ba wanda ya tuhume shi, amma shi ranar ko abinci bai iya ci ba.

Daga nan ya yi wa jikinsa lissafi irin na direbobi. Abin da ba a zuba a tanki ba, in ji shi, ba zai yi yoyo ba. Ya daina shan ruwa tun daga tashinsa har ya sauke mutanen safe, sannan ya ɗan kurɓa, ya sake kame baki har ya maido su da yamma. Ƙwayar safe ma ya ajiye ta, wai ita ke saukar da fitsarin. Da bakinsa ya riƙa bushewa, sai ya sayi alewa ya zuba a aljihun mota yana tsotsa don ya sami yawu. Mai ciwon suga fa nake gaya muku.

Matarsa ce ta tona shi. Ta zo wanki ta tarar da aljihun wandonsa cike da takardun alewa, ta kira ni. Na zo a fusace, ko takalmin aiki ban cire ba. Na bayyana masa dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa marasa lafiyar da ban haɗa komai da su ba. Suga idan ya yi yawa a jini, da ruwa yake fita, ko ka sha ko ba ka sha ba. In ka hana shi na kofi, sai ya ɗebi na jikinka, jini ya yi kauri, ƙoda ta wahala, kai ya ruɗe. Ya saurare ni yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa yarinya ta haddace karatu.

"Auta, ni fa na goya ki," ya ce. "Kuma fitsarin ya ragu. Me kuma kike so?"

Na ce masa raguwar nan ba sauƙi ba ne, rijiyar ce take ƙafewa. Ya ce to ya ji. Na san wannan "to" ɗin tun ina ƙarama, ba ta taɓa haifar da komai ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na saya masa gorar ruwa mai marfi, na haɗa shi da yayarmu. Duk ya yi kunnen uwar shegu da mu. Abin da ya fi ƙona min rai, a wurin aiki baƙi suna jin maganata, a gida kuwa ni Auta ce kawai.

Bayan wata biyu, ana tsakiyar zafi, ya kai motar har ƙofar kamfani, ya daidaita ta a inda ya saba, ya ja birkin hannu. Mutane suka sauka. Mai gadi ne ya lura bai fito ba, ya leƙa ya same shi riƙe da sitiyari yana tambayar ina ne nan. A kan aikina aka shigo da shi. Harshensa ya bushe kamar tsohuwar fata, na tsunkuli bayan hannunsa fatar ta tsaya a tsaye. Na'urar gwajin suga ta ƙi ba da lamba, abin ya wuce ƙarfinta. Ni da nake samun jijiyar jarirai, sai a karo na uku na sami tasa. Leda tara ta ƙarin ruwa ya sha cikin kwana biyu, ga maganin suga na insulin ɗigo-ɗigo, ga gwajin gishirin jini bayan 'yan awoyi. Da hankalinsa ya dawo, ya tambaya ko ma'aikatan sun isa a kan lokaci. Na fita waje don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Ranar sallama ya riƙe min hannu. Kamfani yana son takardar likita, sai yayana ya ce in roƙi likitan ya rubuta zazzaɓi ne kawai. Bai taɓa roƙona komai ba a duniya sai wannan. Na tuna mutum arba'in da biyu a bayansa, na ce ba zan iya ba. Ni da kaina na kai takardar gaskiya ofishin manaja.

Manajan ya karanta, ya cire tabarau yana girgiza kai. Ya ce suna da direba biyu masu ciwon suga, kowannensu an ware masa tsayawar minti biyar a hanya, kuma da yayana ya yi magana da an yi masa haka. Amma wanda hankalinsa ya gushe a kan sitiyari, dokarsu ba ta bari ya sake hawa. Za a mayar da shi gareji yana rubuta shiga da fitar motoci.

Na yi niyyar in ɓoye masa rabin farko na maganar manajan. Amma da na je gida ya tare ni da cewa na raba shi da aikinsa, zuciya ta ɗebe ni, na amayar masa da duka a gaban matarsa, har da direbobin nan biyu. Na zata zai yi gardama. Sai ya nemi kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Minti biyar suka ce?"

Na ce eh. Gaskiyata ce, na sani, amma da ana maido magana da na maido wannan.