An Ɗauki Sifika, An Bar Ni a Tsibiri

Duk masu cewa wai hoto na tsaya ɗauka har kwale-kwale ya bar ni, ƙarya ne! Ga abin da ya faru yau.

Mu mawaƙan coci muka je shan iska dam, aka haye da mu tsibirin tsakiyar ruwa. Da yamma hadari ya haɗo. Ni ce ma na fara shiga jirgin!

Mai jirgi ya ce, "Iska ta tashi, kaya sun yi nauyi. Ko mutum ɗaya ya sauka, ko wannan ƙatuwar sifikar."

Shugabanmu Dogara ya juyo ya ce, "Sista Ladi, sifikar ta coci ce, ruwa zai lalata ta. Ke kuwa ko kin jiƙe za ki bushe."

Na ce, "Ni?!" Kowa ya sunkuyar da kai, har Talatu da ta cinye rabin shinkafata!

Ruwa ya yi mini dukan tsiya kafin jirgin ya dawo.

Ranar Lahadi ni ce zan ba da waƙa, ko? To, ba na zuwa. Sifikar ta rera muku!