Waken Inna a Cikin Waya

Ni ce na koya wa yayana harkar kirifto, wato cinikin kuɗin intanet, kuma har yau in na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ba wani ɗan damfara ne ya tare shi a titi ba. Ni ce, da wayata, a kan tabarmar Inna, ina ta iyayi.

A lokacin ina shekara ta uku da fara aikin jinya a babban asibitin da ke kusa da unguwarmu, Gyadi-Gyadi. A ɗakin hutunmu kowa da waya a hannu, daga ɗaliban likita har masu gwajin jini, ana kallon layukan nan kore da ja suna hawa suna sauka. Wata abokiyar aikina 'yar kudu, Kirista, haifaffiyar Kano da Hausarta ta fi ta wasunmu, ita ta zaunar da ni ta nuna min. Ka sayi sulallan intanet da safe, in sun ɗan ɗaga ka sayar kafin la'asar. Ta kafa min sharaɗi biyu. Kada in zuba abin da in ya tafi zan kasa cin abinci. Sannan duk sanda na saya, in sa iyakar asara, wato in gaya wa manhajar cinikin tun farko cewa in farashi ya sauko wuri kaza, ta sayar ba sai ta tambaye ni ba. Na bi. Wata rana in samu na kati da na adaidaita sahu, wata rana iyakar ta yanke ni, in yi tsaki in koma kan marasa lafiya. Ban yi arziki ba, ban kuma yi kuka ba.

Inna kuwa ta fi shekara ashirin tana tuyar ƙosai a bakin layinmu. Da kaskon nan ta yi mana makaranta bayan rasuwar Baba. Hayaƙin itace ya gama da ƙirjinta, har ta kai in tari ya kama ta sai ta dafa bango. Likita ya gaya mata ba wasa, lallai ta bar bakin wuta. Ni da kaina na ɗauke kaskon na kife shi a saman rufin kicin, inda hannunta ba zai kai ba. Ɗan abin da ta tara, da kuɗin awakinta da ta sayar, ta damƙa wa Yaya, wanda yake sana'ar wake a kasuwar Tarauni, yana kuma da sito a Ƙauyen Alu. Duk kaka sai ya saya mata buhu goma sha biyu ya ajiye. In damina ta kankama wake ya yi tsada, ya sayar, ta ci ribar har shekara ta zagayo, uwar kuɗin ta koma wake. Da hannunta take ɗaure wa kowane buhu jan zare a kunne. Wannan waken shi ne hutun Inna, ba ta da wani.

Kuma a yi wa Yaya adalci, mutum ne da ya iya jira. Abin taƙamarsa a duniya shi ne bai taɓa sayar da kaya a faɗi ba. In farashi ya karye sai ya ja ƙofar sito ya sa kwaɗo, ya koma rumfa yana shan shayinsa, 'yan kasuwa suna ta kururuwa shi ko a jikinsa. Kuma sau da yawa shi ke yin dariyar ƙarshe.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gaida Inna, ya tarar ina murna na ci 'yar riba. Maimakon in kama bakina, sai na miƙa masa wayar ina wani fari da ido, ina cewa abin da yake jira wata shida ni a awa uku na same shi. Kai, ni ma dai da rawar kai nake. Ya daɗe yana kallon layukan nan. Kafin ya tafi na buɗe masa nasa asusun, ya zuba kaɗan, na sa masa iyakar asara kamar yadda aka koya min.

Kwana biyu sai ga shi a fusace. Farashi ya sauko, manhajar ta sayar, washegari kuma farashin ya koma sama. Ya ce wa ya ba waya izinin sayar masa da kaya? Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce wannan ai mugun fata ne, mutum ya sayi kaya da bismillah, sannan ya zauna ya rubuta wa kansa asara da hannunsa tun kafin a je ko'ina. Ɗan kasuwa na gari ba ya ambaton faɗuwa a kan kayansa. Na ce masa wannan fa ba wake ba ne.

"Auta," in ji shi, "ke allura kika sani. Bar min kasuwa."

Ya cire iyakar. Abin haushin kuma sai jiran ya yi masa rana har sau uku a jere. Daga nan ya fi ƙarfina. Ya shiga wani guruf na waya, inda wani gaye mai ɗaukar hoto yana jingine da motocin mutane yake ba da umarnin a saya ko a sayar. Na leƙa guruf ɗin sau ɗaya. Rabi addu'a, rabi hoton dala, ana ta kiran gayen shugaba, duk wanda ya yi tambaya a ce ba shi da tawakkali a fitar da shi. A can aka koya wa Yaya ninki. Manhajar za ta ɗauki kuɗinka ta yi ciniki da su kamar sun ninka sau ashirin. In farashi ya hau kaɗan ka ci da yawa. In ya sauka kaɗan ya taɓa wani layi, ta kwashe naka gaba ɗaya ta rufe cinikin. Wannan ɓangaren na biyu ba wanda yake faɗarsa da ƙarfi a guruf.

Ban san zurfin da ya yi ba sai ana saura 'yan kwanaki azumi. Inna ta ce in je sito in ɗebo mata kwano biyu a cikin nata, tana son yin alala. Na tashi daga aikin safe na wuce Ƙauyen Alu. Yaya ya fara 'yan kame-kame, wai makulli yana gida, wai an sa wa kayan magani. Na ce ina nan tsaye har makullin ya zo. Da ya ga ba zan gusa ba sai ya zaro shi daga aljihu.

Sito wayam. Katakon da ake jera buhuna ne kawai, sai warin maganin ƙwari, sai guntayen jan zare a ƙasa. Ya sayar da komai, nasa da na Inna, watanni kafin lokaci, ya zuba kuɗin a waya, mutumin da yake taƙama da jira. Ya nuna min wayar. Ja ne tun daga sama har ƙasa, amma ba a kai layin ba tukuna. Da ya rufe a ranar, abin da ya rage zai mayar da fiye da rabin buhunan Inna.

Na roƙe shi. Wallahi na roƙe shi kamar in durƙusa. Na ce in wake ya faɗi, buhun yana nan a sito yana jiranka, wannan kuwa akwai inda zai kai a share shi, ba abin da za ka jira. Ya ce haka aka gaya masa shekarar da wake ya karye, kuma wa ya yi dariya? Na fizge wayar na sa iyakar asara. Ya karɓe abarsa, ya cire a gabana, yana cewa in daina yi wa dukiyar Inna baki. Sannan ya sassauta murya ya ce in rufa masa asiri mako ɗaya kacal.

A nan ne nawa laifin ya fi nasa muni. Kalma ɗaya daga bakin Inna da ta sa ya rufe cinikin nan, don bai taɓa tsallake maganarta ba. Amma sai na ji nauyin a ce ƙanwa ce ta tona wa yayanta asiri, kuma na san in aka bi diddigi a kaina maganar za ta tsaya. Sai na biya kasuwar Tarauni na sayi kwano biyu da kuɗina na kai mata. Ta zuba a faifai ta juya da yatsa, ta ce nata manya ne, wannan kuwa ƙanana. Na ce ai an cakuɗa buhunan ne wajen gyaran sito. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince tsakuwa. Ni ma'aikaciyar jinya, da nake yi wa mutane faɗa kullum a kan ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu.

Ba a ma kai makon ba. Rana ta huɗu da hantsi wani labari ya fito daga wata ƙasa can da ko sunanta Yaya bai iya faɗa ba, farashi ya rikito cikin 'yan mintuna, ya taɓa layin. Kafin la'asar kuma ya koma inda yake har ya ɗara. Sai ga Yaya a ƙofar asibiti yana nemana, gumi har cikin hula. Ya nuna min kore ya dawo, ya ce ga shi abin da ya faɗa ya tabbata, to me ya sa nasa bai dawo ba? Yana ta jan fuskar wayar da yatsa ko za ta canza magana. Gaskiyarsa ce, farashin ya dawo. Kayan ne babu. Shi kuwa shugaban guruf a daidai lokacin ya turo saƙo wai jarrabawa ce daga Allah, kuma ya buɗe sabon aji na musamman ga mai son farfaɗowa, a biya kuɗin rajista. Na karanta na tofar da yawu a kwata.

Tare muka je gaban Inna bayan sallar la'asar. Yaya ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ambaci sunana ba, abin da ya ƙara min kunya. Inna ta saurara har ya gama. Ta ce faɗuwar kaya ai ba yau aka fara ba, kada ya ɗaga hankalinsa.

"Ka kawo min ragowar," ta ce. "Ko ƙwari sun ci, zan sheƙe in surfa."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni aka bar wa bayanin. Na ce Inna babu ragowa, irin wannan cinikin in ya tafi ba ya barin komai.

"Ko buhunan?"

Na ce ko buhunan.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, kuma da ta zage mu da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce in sauko mata da kaskonta. Na ƙi. Na ce albashina zai riƙe mu, Yaya ya rantse zai mayar mata da komai kafin kaka biyu. Ta ce ta gode, Allah ya yi mana albarka, amma ita ba ta saba zaman jiran ƙarshen watan wani ba. Washegari ina wurin aiki ta ɗora turmi ta taka, ta sauko da shi da kanta.

Yaya yanzu dillancin waken wasu yake yi, ya saki siton. Har gobe in aka matsa masa sai ya ce da an bar shi ya jira da ya ci. Ni ma ban goge manhajar ba, tana nan, ba na dai buɗewa. Abokiyar aikina da ta koya min ta ce ai ta gaya min sharaɗi biyu. Na ce haka ne, ba ta dai gaya min kada in yi burga a gaban ɗan kasuwar hatsi ba.

Kullum da sassafe in zan tafi asibiti ta gaban kaskon nake wucewa. Inna tana zaune a kujerarta ta da, hayaƙi yana bin fuskarta, tana tuya da waken da take saye kwano biyu-biyu a kasuwa. Nakan duba ko maganin shaƙarta yana ɗaure a bakin zaninta. Shekaranjiya tari ya sarƙe ta har ta saki ludayin, na tsuguna ina shafa mata baya, ina cewa don Allah ta tashi ta shiga gida. Da numfashinta ya dawo sai ta ɗauki ludayin, ta ce in matsa gefe, ina tare mata masu saye.