Buhu Ɗaya, Biyan Biyu

Ban san shi ba. A kasuwar Gezawa nake ganinsa, wani dattijo siriri, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, takalmin robarsa an ɗinke da zare. Yana tsaye gaban rumfar mai hatsi, ana auna geron da ya kawo. Daga maganarsu na gane buhu ɗaya ya ranta da damina, lokacin da rumbunsa ya ƙare, yau da kaka yake biyan biyu. Ko ƙiftawa ba ya yi har aka juye kwanon ƙarshe.

"Malam Nababa," in ji mai hatsin yana murmushi, "in damina ta matsa, ƙofata a buɗe take."

"Rufe ta, Alhaji. Gara mu ci tafasa da rama har gero ya nuna."

Ina jin ya yi shekaru yana noma wa wannan rumfar. Ga shi can yanzu wajen masu awaki, yana ɗaura wa wata 'yar akuya igiya, watakila ajiyarsa ta farko. Mai acaɓa ya tsaya masa, ya girgiza kai, ya kama hanyar ƙauye a ƙafa. Akuyar tana turjewa, amma ba ta kai shi taurin kai ba.